Mudu da Gyara a Fina-finan Hollywood

A ƙarshen Return of the Jedi, fim ɗin Star Wars na 1983, Darth Vader ya ɗaga Sarki Palpatine ya wurga shi cikin wani rami mai zurfi, kowa ya tashi da sanin mugu ya sheƙa barzahu. Bayan shekara 36, a Disamban 2019, sai ga rubutun da ya buɗe The Rise of Skywalker yana cewa an ji muryar Palpatine tana barazanar ɗaukar fansa. To, a ina aka ji ta? A cikin Fortnite, wasan da matasa ke bugawa ta intanet, 'yan kwanaki kafin fim ɗin ya fito. Wanda ya biya kuɗin silima bai ji ko tari ba. Yadda aka yi mamaci ya dawo kuwa, fim ɗin ya ɗan yi gunaguni ya wuce. Sai a littafin fim ɗin da Rae Carson ta fitar a 2020 aka fayyace cewa ruhinsa ne ya koma wani jiki da aka kwafa daga nasa.

Duk mai zuwa kasuwa ya san gyara. Mai awo zai cika maka mudu har ya yi tozo, sannan ya ɗebo da hannu ya ƙara. Haka littattafai da wasannin kwamfuta da shirye-shiryen talabijin da ke rakiyar babban fim ya kamata su kasance. Abin da wasu kamfanoni ke yi yanzu shi ne su rage mudun, su kai ragowar wata rumfa, su ce ka je can ka sake biya.

Kada a haɗa wannan da fim mai kashi na ɗaya da na biyu, wanda mai kallon Kannywood ya saba da shi tun zamanin kaset. Wanda ya fara daga kashi na biyu ya san ya tsallake wani abu, sunan fim ɗin ma ya gaya masa. Amma ɗauki Wanda Maximoff ta Marvel. A Avengers: Endgame na 2019 tana cikin jarumai, tana yaƙar mugun fim ɗin, Thanos. A Doctor Strange in the Multiverse of Madness na 2022 sai ga ta tana karkashe mutane don neman 'ya'ya biyu da mai zuwa silima bai taɓa gani ba. Haihuwarsu da rashinsu, da baƙin cikin da ya juya mata zuciya, duk suna cikin WandaVision, shiri mai kashi tara a Disney+. Gaskiya fim ɗin ya ɗan yi bayani ta hanyar mafarki da 'yan kalmomi. Sai dai labarin rashi daban, zaman makoki daban. Ka fahimci abin da take nema, amma tausayinta bai kama ka ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Disney ta sayi Marvel a 2009, ta sayi Lucasfilm mai Star Wars a 2012, kowanne a kan kusan dala biliyan huɗu, sannan ta buɗe Disney+ a Nuwamban 2019. Kanti sabo yana son masu shiga, fim kuwa ya zama ɗan kiran ciniki. Ba ita ta fara ba ma: tun 2003 The Matrix Reloaded ya bar wani ɓangare na labarinsa a The Animatrix da wasan Enter the Matrix. Sai dai dabarar ba kullum take ci ba: The Marvels na 2023, wanda biyu daga cikin jarumansa uku a talabijin suka sami ƙarfinsu, ya tara kusan dala miliyan 206, mafi ƙaranci a jerin fina-finan kamfanin Marvel. Yajin aikin 'yan wasa ya hana a tallata shi yadda ya kamata, don haka ba zan ɗora wa abu guda laifin ba.

Masoyan gani-kashe-ni za su ce daɗin abin ke nan, ka bi sawu daga littafi zuwa wasa ka haɗa labarin da kanka. Ban ƙi ba, a bar musu. Rogue One na 2016 ya nuna ana iya gamsar da kowa. Ka shiga ba ka san Cassian Andor ba, ka gan shi ya harbe mai kawo masa rahoto don kada a kama mutumin ya tona asiri, nan take ka gane irin mutumin da yaƙi ya mai da shi. Shekara shida bayan haka shirin Andor ya zo ya faɗi asalinsa. Wanda ya kalla ya ƙaru, wanda bai kalla ba babu abin da ya rasa daga fim ɗin da ya biya. A ma'aunina Rogue One ya cika mudu, The Rise of Skywalker kuwa ya yi wa mai kallo tauye.