Yaron Gida a Birnin Landan: Sharhi a Kan Labarin Dorugu

A Mallawa, kamar sauran garuruwan yankin Magariya da Dungas, tasha ce ke shaida ƙarewar kaka. Da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai samari su ɗauki ƙunshinsu su kama hanya, wasu su tsallaka iyaka ta Maigatari zuwa Kano da Legas, wasu su yi arewa ta Agadas zuwa Aljeriya ko Libiya. In damina ta kawo kai, su komo da ɗan abin da Allah ya hore, da kuma labari fal baki: irin abincin mutanen can, da tufarsu, da yadda suke kallon baƙo. Labarin nan yakan ƙare a dandali, iska ta kwashe. Amma ɗaya daga cikin tsofaffin labaran baƙunci da aka taɓa rubutawa da Hausar boko ya fito ne daga bakin wani yaro na wannan jiha ta Damagaram, kuma ya cancanci a sake duba shi da idon sharhi.

Sunan yaron Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, yamma da Mallawa. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran biyu suka koma hidimar abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim. Da shi suka je Tambutu a 1853, suka komo Barno, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855. Barth ya kai su har ƙasarsu Jamus. Daga bisani suka sauka a Chatham, gidan wani ɗan mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana neman mai jin Hausa tun bayan tafiyar da ya yi a kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A wannan gida Dorugu ya faɗi labarin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, sannan a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Ingilishi tare da bayanai.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne inda idon mai labarin yake sauka. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to amma makantar baƙi iri-iri ce. Baƙon da aka gayyata, aka tarbe shi da girma, yakan ga abin da masu masauki suka zaɓa su nuna masa. Dorugu kuwa yaron gida ne, mai ɗaukar kaya da tsayuwa bayan kujera, saboda haka ta ƙofar baya ya shiga Turai. Wurin da ya fi shahara a labarin nasa shi ne bayanin liyafar cin abincin dare a gidan Turawan Ingila. Ya bi ta daki-daki: yadda ake zama, da kayan da ake ci da su, da yadda akushi ke bin akushi, da yadda maza da mata ke mu'amala a kan tebur. Ya yi wa Bature irin kallon da Barth ya yi shekaru yana yi wa Bahaushe da Babarbare, wato ya ɗauki al'adarsa a matsayin abin mamaki da ke bukatar bayani. Ba ya zagi, ba ya kuma rawar jiki. Yana faɗin abin da ya gani ne kamar mai ba ƙanensa labarin kasuwar da bai taɓa ci ba.

Kwatanci da wani littafi zai ƙara fito da wannan. A 1943 Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin ayarin ƴan jarida na Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Imam gwani ne, alƙalaminsa ya fi bakin yaron Dambanas gogewa nesa ba kusa ba, kuma ya san siyasar da ke bayan gayyatar. Duk da haka tafiyarsa ta babban baƙo ce, mai tsararren jadawali, ana yaƙin duniya, masu masauki na so ya koma da kyakkyawan labari. Imam ya ga Ingila ta zaure. Dorugu ya gan ta daga madafa. Adabin tafiye-tafiye na Hausa yana bukatar duka biyun, sai dai na farkon ya shiga makarantu, na biyun kuwa ya fi zama a hannun masana harshe.

Salon labarin salon baka ne tsantsa. Jimlolin gajeru ne, suna bin juna kamar raƙuman ayari: aka tashi, aka sauka, aka ga kaza. Wanda ya saba da ƙagaggun labarai na zamani zai iya ganin abin ya bushe, musamman a wuraren da ake sa ran kuka, kamar rabuwa da gida da sayarwa daga hannu zuwa hannu. Amma wannan kamewar ita ce ƙarfinsa. Yaron da ya faɗi yadda aka yi cinikinsa da irin muryar da yake ƙirga zangon hanya ya nuna wa mai karatu yadda bauta ta zama ruwan dare a wancan zamani, fiye da yadda dogon kuka zai nuna. Ga kuma ribar harshe: Hausar yankin Damagaram ce ta tsakiyar ƙarni na 19, ko da yake ta biyo ta kunnen Bajamushe, cikin rubutun da bai bambance baƙaƙe masu lanƙwasa yadda ake yi yau ba.

A nan ne maganar aikin sa kai ta shigo. Shekarun da Dorugu ya yi a Ingila ba a yawon kallo suka tafi ba. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja, amma Dorugu ya zauna har 1864, yana ba Schön kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana, yana taya shi fassara. Daga wannan zama aka samu nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. Schön ya samu lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Ba a hana shi haƙƙinsa, domin ya yi wahala, kuma bai ɓoye sunan yaron ba. Sai dai wanda ya karanta tarihin ba zai rasa tuna kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba. Shin za a kira abin da Dorugu ya yi aikin sa kai? Sa kai yana bukatar zaɓi, zaɓi kuwa yana bukatar gidan komawa. Daga 1962 zuwa 2011 matasan Amurka na ƙungiyar Peace Corps sun zauna a ƙauyukan Nijar, har da na jihar Damagaram, suka koyi Hausa, aka raɗa musu sunayen gida, suka yi aikin lafiya da gona da koyarwa. Kowanensu ya zo ne da ranar komawa a aljihu, kuma da aka sace Faransawa biyu a Yamai cikin Janairun 2011, aka kwashe su gaba ɗaya. Dorugu ba shi da mai kwashe shi. Cinsa da suturarsa da karatunsa duk suna hannun wanda yake taimaka wa.

Wannan ne ya haifar da babban giɓin littafin. An ɗauki labarin ne a farkon zamansa, yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, saboda haka abin da ya rage a takarda shi ne mamakin sabon zuwa. Dogayen shekarun da suka biyo baya, na sabo da sanyi, da koyon Ingilishi, da karɓar Kiristanci da sunan James Henry, da zama ba mai amsa masa Hausa bayan tafiyar Abbega, ba su sami irin wannan kulawa ba. Dalilin a fili yake: mai riƙe da alƙalami jimloli yake nema domin nahawu, da ya samu kuwa bukata ta biya. Kallon gari ya shiga littafi, zaman gari ya tsaya a bakin ƙofa, alhali zaman shi ne abin da ɗan ci-rani na yau zai fi so ya ji, domin shi ne ciwonsa.

Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, Kano, inda ya rasu a 1912. Ya kyautu masu ɗab'i da malaman Hausa na Nijar su sa labarinsa a hannun ɗaliban Kance da Magariya da Dungas da Mallawa, cikin rubutun yau, da sunansa a bango a matsayin mawallafi. Yaran da za su karanta shi, da yawansu suna da wa ko uba a Kano ko Tamanrasset, kuma suna iya rubutu. In suka ga abin da ya ɓace wa Dorugu saboda alƙalamin yana hannun wani, watakila su zaunar da masu dawowa tun kafin a yi shuka, su tambaye su yadda zaman ya kasance, su rubuta.