Hadarin da ke haɗuwa a cikin kwamfuta

Abin da ake yayi yanzu a cibiyoyin hasashen yanayi shi ne ƙanƙanta gida. Kwamfuta ba ta iya ɗaukar sararin sama a dunƙule, sai an yanka mata shi gida-gida kamar na dara, sannan ta lissafa iska da zafi da danshin kowanne. Tsarin HRRR na Amurka yana aiki da gidaje masu faɗin kilomita 3, hukumar yanayi ta Birtaniya kuma ta gwada kilomita 4.5 a kan Afirka baki ɗaya. Hoton da ke fitowa gwanin sha'awa: ga hadari ya haɗo, ga inda zai zuba.

Kyan hoton nan ne abin damuwa, domin yana rufe kuskuren lissafin da ke ƙarƙashinsa.

Tun 1961 masanin yanayi Edward Lorenz ya ga alama. Ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127, sai yanayin da na'urarsa ta fitar ya kama wata hanya dabam. Hadari kuwa, ba abin da ya kai shi saurin kumbura ɗan kuskure. A 2018 Brian Ancell da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka taɓa lissafi a wuri guda, ɓurɓushin kuskure kan watsu ko'ina da saurin da babu iskar da ke da shi, ya je ya girma duk inda hadari ke haɗuwa. Mai bincike sai ya ɗauka ya gano sanadi, alhali kuwa aikin na'ura ne.

Ƙanƙanta gidan ma bai kashe magana ba. William Skamarock ya nuna a 2004 cewa tsarin hasashen yanayi na WRF ba ya ganin abu sosai sai ya kai faɗin gida bakwai, wato kilomita 21 ke nan a tsarin kilomita 3. George Bryan da abokansa tun 2003 suka ce sai an sauko wajen mita 100 kafin a kama tumbatsar iskar cikin hadari.

Maganar ta shafi Sahel kai tsaye, inda manyan hadura ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan damina, kuma binciken Christopher Taylor na 2017 ya nuna yawan mafi tsananinsu ya ninka sau uku tun 1982. Duk mai fitar da irin wannan hasashe, ya kamata ya maimaita lissafin sau da yawa, yana ɗan sauya mafari, ya kuma gaya wa manomi da mai aikin ceto a Yamai ko Kano cikin gwaji nawa ruwan ya sauka.