Persepolis: Yarinyar da Ta Zana Baƙuncinta

An haifi Marjane Satrapi a garin Rasht na ƙasar Iran a 1969. Ba ta cika shekara goma ba aka yi juyin juya halin 1979, sai yaƙi da Iraƙi ya biyo baya. Wannan rayuwar ce ta zana a littafinta Persepolis, wanda ya fito a Faransa juzu'i huɗu tsakanin 2000 da 2003.

Zanen baƙi da fari ne, ba ƙyale-ƙyale, shi ya sa tsoro da wautar ƙuruciya suka fito ƙarara. Inda ya fi taɓa zuciya shi ne zamanta a Biyana, inda iyayenta suka tura ta tana shekara 14. Don kunya har ta taɓa cewa ita Bafaranshiya ce. Mu nan unguwa ai mun san wannan ciwo: yaron da ke ɓoye Hausarsa a makaranta.

Sai dai fa gidansu masu hali ne, har da 'yar aiki. Talaka da mai riƙo da addini ba su samu bakin magana sosai ba. A karanta, amma kada a ɗauki labarin gida ɗaya a matsayin labarin ƙasa.