Takunkumin da Aka Sa wa Nijar: Wa Ya Sha Wuyarsa?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta ba sojojin Nijar wa'adin mako ɗaya su mayar da Mohamed Bazoum kan mulki, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar.

Ƙin juyin mulki daidai ne, amma an hukunta wanda bai yi laifi ba. Talakawan Maraɗi da Yamai ne suka kwana cikin duhu, kasuwancin Jibiya da Illela kuma ya tsaya cak. A ranar 24 ga Fabrairu, 2024 aka ɗage takunkumin, Bazoum yana tsare. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, a Maris kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. Ba a dawo da dimokuraɗiyya ba, an kuma rasa abokin tsaron iyaka.

Masu hidima, wannan ya shafe mu. A ikilisiyoyinmu na Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha akwai iyayen sojoji da matansu, waɗanda da an yi yaƙin su ne za su yi makoki. Duk lokacin da gwamnati ta ambaci takunkumi ko yaƙi, mu koya wa jama'a su fara tambaya: kan wa nauyin zai faɗa?