Jinjina ga Masu Gyaran Motarsu a Idles

A Idles, garin Abzinawa da ke cikin duwatsun Hoggar a jihar Tamanrasat ta Aljeriya, mai mota shi ne bakaniken motarsa. Gareji na da nisa, hanyar zuwa garin Tazruk kuwa duwatsu ne masu cin taya. Larura ce ta koya musu, amma da yawansu abin ya zame musu sha'awa, kuma wannan ne ya burge ni.

Abin ƙaunarsu Land Cruiser ce, samfurin 70 da Toyota ta fito da shi a 1984, musamman mai injin dizal 1HZ, silinda shida, wanda babu kwamfutar da ke juya shi. Sifana da kunne sun isa. Za ka ga mutum kwance ƙarƙashinta, rawaninsa ya sha baƙin mai, yana ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki lodi, ko yana ɗaura tanki na biyu. Kafin a shiga rairayi, ya sassauta iskar taya. In an sauka, ya zare matatar iska ya kakkaɓe ƙura, ƙanensa na riƙe masa fitila.

Sannunku da aiki, gwanaye. Allah Ya ƙara basira.