Kalmar "Duniya" a Littafi Mai Tsarki na Hausa, da Yadda A Ke Jinta a Yammacin Zamfara

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta auna kalma guda, watau "duniya", yadda masu fassarar Littafi Mai Tsarki suka yi aiki da ita wajen gargaɗin masu bi su fifita ibada bisa abin duniya, da kuma yadda ta ke faɗawa a kunnen mutumin Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Kirista ba su da yawa a waɗannan garuruwa, amma masu sujada da Hausa a cikinsu, kamar 'yan'uwansu na ƙasar Zuru da ke maƙwabtaka da su, da kalmomin da Musulmi suka riga suka ba ma'ana su ke yinta.

Schon ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa, wanda Likita Mila na Zariya ya yi babban aiki a kansa, ya fito a 1932, sa'an nan aka sami sabuwar fassara a 1979. Dukansu sun tarad da harshe wanda malamai suka daɗe da shirya wa kayan zancen addini: ibada, tuba, zunubi, lahira, duniya. Suka ɗauka, gama ba su da wata hanya. Amma fa kalmar aro ba ta zuwa hannu wofi.

Asalin "duniya" Larabci ne, ma'anarta rayuwa ta kusa, ko ta ƙasa, wadda a ke gwamawa da lahira. Tun daga tushenta ke nan an ajiye ta a ma'aunin da za ta kasa. Ga shi kuma a Hausa jinsinta tamata ne, shi ya sa mawaƙan wa'azi suka sami damar siffanta ta da mace mayaudariya, mai ado a waje, mai halaka mazajenta. Karin magana ma ya bi sawu, a kan ce duniya budurwar wawa. Wanda ya lalace a ce ɗan duniya ne, wanda ya bar gida ba da shiri ba a ce ya shiga duniya, mai tawali'u kuwa a ce yana da gudun duniya. Ƙasar Zamfara ta daɗe da jin wannan wa'azi, domin Shehu Usmanu ya yi wajen shekara biyar yana karantarwa a cikinta kafin jihadin 1804. Ƙanensa Abdullahi ma, da ya ga son mulki da dukiya ya shiga jama'a bayan an fara cin nasara, ya bar rundunar ya nufi gabas har ya tsaya Kano.

Kalmar Helenanci da aka fassara da "duniya", watau kosmos, ba haka nauyinta ya ke ba. Asalinta tsari ne da ƙawa. Wani lokaci tana nufin halitta duka, wani lokaci 'yan Adam, wani lokaci kuma tsarin zaman mutane da ya juya wa Allah baya. A Linjilar Yahaya, sura 3, aya 16, an nuna Allah yana ƙaunar wannan abu. A Wasiƙar Yahaya ta Fari, sura 2, aya 15, an hana masu bi ƙaunarsa. Suna ɗaya ne, aikatau ɗaya ne a Helenanci, masu fassara kuwa suka riƙe "duniya" a duka wuraren biyu.

A nan fassarar ta ci riba, ta kuma yi hasara. A Wasiƙar, ta yi ƙarfi ƙwarai, har ta fi asalinta kaifi, gama dukan abin da waƙoƙin wa'azi suka tara a kan kalmar yana taimakonta. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhi. Haka nan misalin mai arziki na Luka, sura 12, wanda ya ƙudura rushe rumbunansa don ya gina manya aka karɓi ransa a daren, manomin Gummi zai gane shi nan take. Amma a Linjilar, inda a ke nufin 'yan Adam, kalmar ta yi tuntuɓe. Kunnen da ya saba jin duniya a matsayin mayaudariya zai yi mamakin yadda Allah zai ƙaunace ta. Da an ce mutanen duniya, da ma'ana ta fito, ko da ya ke da an rasa amon da ke tsakanin ayoyin biyu. Masu fassara sun zaɓi amana ga lafazi, suka bar wa mai wa'azi aikin rarrabewa.

Kada a ɗauka wannan gardamar malaman harshe ce kurum. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma. Kuɗin zinariya ya hau a kasuwannin ƙasashen waje, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gari suna niƙawa, ƙurar mai dalma ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar MSF su ne suka tona al'amarin, an kuma ƙiyasta yara kamar 400 suka mutu. Ba a share ƙasar Bagega ba sai a 2013. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024.

To, mai wa'azin da ke riƙe da kalma guda mai faɗi kamar "duniya" yana cikin hatsarin ya tara waɗannan iyaye tare da mai rumbuna, ya ce son duniya ya ci su. Wannan kuwa zalunci ne. Yawancinsu manoma ne waɗanda noman damina ba ya kai su shekara, ba su kuwa san abin da ke cikin dutsen ba. Hausa da kanta ta raba tsakanin neman abinci da son abin duniya, tsakanin bukata da kwaɗayi. Nassin ma ya raba: Wasiƙar Fari zuwa ga Timoti, sura 6, son kuɗi ta zarga, bayan ta halatta abinci da sutura. In akwai inda zargin ya dace, sai a dubi waɗanda suka ci ribar zinariyar daga nesa, ƙura ba ta taɓa 'ya'yansu ba.

Hukuncin da ya kamata a yanke wa fassarar ke nan: ta gaji kalma mai ƙarfin gargaɗi, mai raunin jinƙai. Aikin da ya rage wa masu gyaran fassara da masu tsara waƙoƙin sujada shi ne su yi amfani da arzikin da harshen ya tanada, su ce kwaɗayi inda a ke nufin kwaɗayi, su ce mutane inda a ke nufin mutane. Ibadar da ta koya wa mutum gudun duniya, ba ta koya masa tausayin waɗanda ke cikinta ba, rabin saƙon littafin kaɗai ta isar.