Labari Mai Rassa a Kwamfuta: Amfaninsa da Iyakarsa

Manyan makarantu da yawa sun rungumi wata hanyar koyarwa ta kwamfuta wadda za mu kira labari mai rassa. Ana nuna wa ɗalibi wani yanayi irin wanda zai tarar a bakin aiki, sai labarin ya tsaya, a tambaye shi abin da zai yi. In ya zaɓi ɗaya cikin amsoshi uku ko huɗu, labarin ya bi ta hanyar da ya ɗauka, ya ga abin da zaɓinsa ya haifar. Manhajoji irin su Moodle, wadda ta fito a 2002, da H5P suna sauƙaƙa wa malami shirya irin wannan darasi.

Tsarin ya girmi intanet. A shekarun 1950, Norman Crowder a Amurka ya tsara littattafan da amsar mai karatu ce ke nuna shafin da zai buɗe na gaba. Waɗanda suka yi karatun TEE, wanda aka fara a Gwatamala a 1963, sun san ɗan'uwansa: littafi yana tambaya, ɗalibi ya cike amsa kafin ya wuce. Makarantar likitanci ta St George's a Landan ta kai abin gaba, inda ɗalibai ke duba majinyaci na kwamfuta, su zaɓi gwaji ko magani, su ga yadda jikinsa ya karɓa.

Amfaninsa a fili yake. Ɗalibi yana yin kuskure ba tare da an cuci kowa ba, kuma yana iya komawa ya sake gwadawa. Gani ya kori ji. Ko annabi Natan, a 2 Sama'ila sura 12, labari ya ba Dawuda ya bar shi ya yanke hukunci, kafin sarkin ya gane kansa ya hukunta.

Amma kafin makarantunmu su ruga su ɗauka, mu auna shi da aikin da muke horar da mutane domin su yi. A ce labarin gwauruwa ne wadda dangin mijinta suka ƙwace mata gona. Kwamfuta za ta ce wa ɗalibi: ka kira dattawan ikkilisiya, ko ka kai magana wurin mai gari, ko ka yi mata addu'a ka ba ta haƙuri. To, matar da ta zo gidan fasto ba da jerin zaɓi take zuwa ba. Za ta gaisa, ta yi zancen kuɗin makarantar yara, ta yi shiru. Maganar gona sai mai haƙurin sauraro ne zai ji ta. Gano matsala da nemo hanyoyin da za a bi su ne mafi wuya a aikin, kuma su ne marubucin labarin ya riga ya yi wa ɗalibi.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. A likitanci akwai bincike da ke nuna abin da magani zai yi wa jiki. A rikicin gado ko na aure kuwa, ƙarshen da kwamfuta ta nuna ra'ayin marubuci ne kawai, amma ɗalibi yana kallonsa kamar tabbataccen abu. Da sannu zai koyi cankar abin da malam yake so, ya ɗauka hikima ya samu. In kuma daga waje aka shigo da labarin, wanda bai san zaman gandu ko matsayin kawu a gida ba, kuskuren ya ninku. Ga kuma ƙarancin wutar lantarki da tsadar data, waɗanda za su bar ɗalibin ƙauye a baya.

Shawarata ita ce mu yi amfani da shi bisa sharuɗɗa. Malamanmu su rubuta labaran da Hausa daga abin da ake fuskanta a ikkilisiyoyinmu, a sauya sunaye da wurare domin kiyaye asirin mutane. Kada a ba da maki a kan zaɓin da ɗalibi ya yi. Bayan an rufe kwamfuta, aji ya zauna, malami ya tambaya: wace hanya ce labarin bai kawo ba, kuma me ya kamata a tambayi matar tun farko? Sa'an nan kada a rage ko mako ɗaya daga lokacin da ɗalibi yake yi a ƙarƙashin fasto mai shekaru a hidima, domin a can ne zai koyi sauraro.